A Littafin Asibiti, Yayarmu Tana Raye

Shekara biyu bayan mun binne Yayarmu, aka ba mu aikin mayar da takardun wani babban asibiti cikin kwamfuta. Asibitin garinmu ne. A nan aka haife mu, a nan kuma aka yi mata tiyata. Aikin ba wani mai wahala ba ne: a ɗauko tsofaffin littattafan rajista daga ofishin kati, a kaɗe musu ƙura, a shigar da abin da ke ciki layi bayan layi. A rana ta huɗu muka kai kan littafin ɗakin matan da aka yi wa aiki. Muna cikin buɗe shafuka sai ga sunanta. Shekaru: 41. Cuta: sankarar mama. Aiki: an cire maman hagu. A gurbin ƙarshe, inda ake rubuta sakamako, wani ya sa jan biro ya yi ɗan gajeren rubutu da Turanci, ma'anarsa ita ce: an sallame ta, ta samu sauƙi.

Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba. Ranar da aka sallame ta da ƙafarta ta fita, har tana tsokanar malaman jinya. Wata goma sha huɗu bayan nan muka yi mata sutura. Littafin dai bai ji labari ba, kuma ba zai taɓa ji ba, domin ba a tanadar masa gurbin da zai ji ba. A lissafin asibitin, har gobe Yayarmu tana cikin waɗanda aka yi nasara a kansu.

Muka tambayi dattijon da ke kula da ofishin kati: "Baba, a wane littafi ake rubuta waɗanda suka rasu bayan an sallame su?" Ya dube mu ta saman tabarau, ya ce, "Ai 'ya'yana, wanda ya rasu a gida, mutanen gida ne suka san da shi."

A kan wannan gurbin da babu shi muke son mu yi faɗa yau. Asibitin da bai san abin da ya sami matan da ya yi wa aiki ba, ba shi da bakin cewa yana maganin sankara. Yana dai yanka, yana ɗinki, yana sallama. Mai karatu, gwada ka gani. Shiga babban asibitin garinku, ka nemi shugabansa, ka yi masa tambaya ɗaya tak: cikin matan da kuka cire wa mama shekara uku da suka wuce, nawa ne ke raye yau? Mu mun yi wannan tambayar a namu. Kallon da aka yi mana, sai ka ce mun nemi a ƙirga mana yashin kogi.

Abin da aka gani da aka ƙirga

Ba wai ba a iya ƙirgawa ba ne. An taɓa yi, kuma a ƙasar nan. Tsakanin 2014 da 2017, wani bincike mai suna ABC-DO ya rubuta sunayen mata sama da 2,000 da aka gano suna da sankarar mama a ƙasashe biyar: Najeriya, Namibiya, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zambiya. A Najeriya, asibitocin Aba da Owerri aka yi amfani da su. Dabarar da suka bi ba ta fi ƙarfin kowa ba: a riƙa kiran matar a waya duk bayan wata uku, in ba a same ta ba a kira wani nata. A 2020 aka fitar da sakamakon. Bayan shekara uku, rabin matan gaba ɗaya ne suka rage a raye. A cikin fararen fata na Namibiya, 90 cikin 100 suna nan. A cikin 'yan Najeriya, 36 cikin 100. Mu ne na ƙarshe a jerin.

A ƙasashe masu arziki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mata 90 cikin 100 suna kaiwa shekara biyar bayan an gano cutar. Cuta ɗaya, jiki irin ɗaya. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa kuwa ta ƙiyasta cewa a 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 suka rasu. Raba wannan da kwanakin shekara: ya haura mata 40 kowace rana. Motar bas biyu cike da iyaye mata, kullum, ba hutun Juma'a ba na Lahadi.

A lura da kalmar: ƙiyasi. An gina wannan adadi ne a kan rajistocin sankara na wasu 'yan birane, aka auna sauran ƙasar da su. Rajistar Ibadan tun 1960 take aiki, shekarar da muka karɓi 'yancin kai. Shekara sittin da ɗoriya ke nan da sanin yadda ake yi, amma babban asibitin da talaka ke fara zuwa, wanda ke nesa da kowane birni mai jami'a, har yanzu gurbinsa na ƙarshe shi ne "an sallame ta".

An bar jaki ana dukan taiki

Da zarar an tayar da wannan magana a taro, amsa ɗaya ce ke fitowa, kamar an haddace ta: matanmu ba sa zuwa asibiti da wuri. Sai an gama yawon masu magani, sai mama ya fashe yana wari, sannan a kwaso su. Akwai gaskiya a ciki, ba mu musa ba. Yawancin matan da ake gani a asibitocinmu cutar ta riga ta kai mataki na uku ko na huɗu. Amma bari mu ba ku labarin wadda ta zo da wuri.

Yayarmu malamar firamare ce. Tana cikin yaye autarta ta ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, ba zafi ba ciwo. A makon ta je kemis, aka ce nono ne ya daskare, aka ba ta kafso. Bayan wata guda ta je asibitin sha-ka-tafi na unguwa, aka ƙara mata wani kafson mai tsada. A wata na uku ta isa babban asibiti. Likita ya taɓa, ya ce a cire. Aka cire, aka fito da ƙullutun a ɗan kwano aka nuna wa mijinta, ya yi hamdala, aka zubar. Ba wanda ya ce a kai shi gwaji. Wata takwas bayan nan abin ya dawo a wurin, ga kaluluwa a hammata. A wannan karon aka cire maman gaba ɗaya, aka sa tsokar a kwalba aka miƙa mana, wai mu kai ɗakin gwaji na asibitin koyarwa da kanmu. A motar haya muka kai ta, a cikin leda, a kan cinya. Sakamako ya ɗauki mako bakwai. Aka rubuta mata zagaye takwas na kemo. Ta yi uku, kuɗi suka ƙare, jiki ya yi laushi, ta ce a bari ta ɗan huta. Ranar zagaye na huɗu ta zo ta wuce. Wayarta tana hannunta, lambarta tana kan katinta. Ba wanda ya kira.

To, a ina ta makara? Da likitan ƙarshe ya rubuta "mataki na uku" a fayil ɗinta, duk wanda ya karanta zai ce ga wata kuma da ta zauna a gida. Alhali ƙofa uku ta ƙwanƙwasa cikin wata uku. Makarar ba a ɗakinta ta faru ba, a hannunmu ta faru. Kuma tunda ba a rubuta ranar da mace ta fara kai kuka wurin ma'aikacin lafiya, ba wanda zai iya raba mana tsakanin jinkirin gida da jinkirin asibiti. Duka sai a tattara a ɗora wa matar, ita kuwa tana ƙasa, ba ta da bakin kare kanta.

Sai maganar nan da kowa ya sani: wai daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fusata ya bazu. Likitoci suna jin haushin wannan magana, suna kiranta jahilci. Ba gaskiya ba ce, tabbas. Allurar ɗibar tsoka da tiyata ba sa fusata sankara. Amma mu tsaya mu tambayi kanmu daga ina ta samo ƙarfi. Unguwa tana ƙirga, ko da asibiti ba ya yi. Mata sun ga an yi wa wance aiki ta rasu, an yi wa wance ma ta rasu. Ba su san cewa cutar ta riga ta kai huhu da ƙashi kafin wuƙa ta taɓa su ba. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuwa ba ta shela. Ta sa tsumma a rigar mama ta yi shiru, don kada kishiya ta ji, kada dangin miji su ji. Mamatan a fili, rayayyun a ɓoye. Duk mai hankalin da aka ba wannan lissafin, abin da zai fahimta ke nan: wuƙa ce ke kisa.

Da me za ka rushe wannan? Da ƙasidar da aka buga a Abuja? Mai maganin da ke tallar garin ganye a rediyo da TikTok yana kawo shaidu, na gaskiya ko na haya, su yi rantsuwa sun warke. Asibiti ba shi da ko ɗaya. Ranar da likita zai iya duban mace ya ce, "Hajiya, a asibitin nan, cikin matan da suka zo da ƙullutu kamar naki, kaza ne muka yi wa aiki, kaza suna raye, ga ɗaya ta yarda ki kira ta," ranar ce wannan camfi zai fara mutuwa.

Hanya mai tasha da yawa

Maganin sankarar mama tafiya ce mai zango-zango, kuma a kowane zango ana iya rasa mutum. Da farko a taɓa, a yi sikanin. Sai a ɗebi 'yar tsoka da allura a duba ta a madubin gwaji, kafin a yanka komai. In sankara ce, a sake gwada tsokar a san irinta, domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin jikin mace ke ciyar da ita. Wannan ƙwayar tamoxifen, guda ɗaya kullum tsawon shekara biyar, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tana cikin magungunan sankara mafi araha. Akwai mai alamar HER2, wadda ke buƙatar allurar trastuzumab mai ɗan karen tsada. Akwai wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin nan, wadda kemo ne babban makaminta, kuma an fi ganinta a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Likitan da bai san irin da ke gabansa ba, harbi yake cikin duhu. Bayan nan tiyata, kemo duk bayan mako uku har zagaye shida ko takwas, sannan gashi da na'ura ga masu buƙata, wanda sai an je irin su Zariya, Sakkwato, Gombe ko Abuja.

Dubi yawan hannun da mace za ta bi. Yanzu kwatanta da yadda muke aika saƙo a tasha. In ka ba direba buhun shinkafa ya kai Kaduna, za ka karɓi lambarsa, ka ba shi lambar mai karɓa, ka yi ta kira har sai an ce ya isa. In naira dubu biyar ta maƙale a wurin mai POS, akwai lambar da za a bi a gano inda ta tsaya. Amma a ba mace takardar turawa zuwa asibitin koyarwa, ta fita daga ƙofa, shi ke nan. Wanda ya tura bai san ko ta isa ba. Wanda aka tura wa bai san tana tafe ba. Buhun shinkafa ya fi ta gata.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yaƙi da sankarar mama, ta ɗora shi a kan ma'auni uku. A gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu. A kammala duk gwaje-gwajen tabbatarwa cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa. A tabbatar kashi 80 cikin 100 sun kammala magani ba su yanke ba. Sittin, sittin, tamanin. Kowane ɗayansu lissafi ne. Asibitin da ba ya rubuta mataki, ba ya rubuta ranar fara zuwa, ba ya rubuta wadda ta daina zuwa, ta yaya zai san ko yana kusa ko yana nesa? Ɗalibi ne da bai taɓa karɓar sakamakon jarrabawa ba, amma kullum yana cewa yana ƙoƙari.

"Wannan aikin asibitin koyarwa ne"

Haka za a ce mana, kuma an faɗa. Wai babban asibiti na ƙaramar hukuma ba shi da ƙwararren likitan sankara, ba shi da na'ura, ba shi da ma'aikata; likita ɗaya yana ganin mutum ɗari a yini, wa zai zauna kiran waya? Mun ga wannan da idonmu, kuma ba mu raina wahalar waɗannan bayin Allah ba. Amma hujjar ba ta tsaya ba, domin a harabar asibitin nan guda akwai wani ɗan ɗaki da ke ƙaryata ta.

Ɗakin masu tarin fuka muke nufi. Shiga ka ga littafinsu. Kowane majiyyaci da layinsa, kuma ba a rufe layin sai an rubuta ɗaya daga cikin waɗannan: ya warke, ya kammala magani, ya rasu, magani bai yi masa aiki ba, ko ya ɓace. Duk bayan wata uku ana tattara lissafin a aika sama. In mutum ya daina zuwa karɓar ƙwaya, ana nemansa. Haka ɗakin masu cutar ƙanjamau: ka tsallake ranar karɓar magani, waya za ta yi ƙara, in ba a same ka ba a biyo ka gida. A yaƙin shan-inna kuwa, har wayoyi aka riƙa ba masu allurar rigakafi a jihohin Arewa, masu nuna duk lungun da suka taka da wanda suka tsallake, har aka kai ga watan Agustan 2020 da aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka. Ma'aikatanmu ne suka yi duk wannan, a garuruwanmu, da wutar lantarkinmu mai zuwa da ɗaukewa. Bambancin kawai shi ne, a can akwai mai ba da kuɗi daga waje da ya ce sai ya ga lissafi. A kan maman iyayenmu ba wanda ya tambaya, mu ma ba mu tambaya ba.

In ana son misalin asibitin karkara, ga Butaro a arewacin Ruwanda, can cikin duwatsu kusa da iyakar Yuganda. A 2012 gwamnatin ƙasar da ƙungiyar Partners In Health suka buɗe sashen sankara a asibitin gundumar. Likitoci na gama-gari da malaman jinya aka horar, suna ba da kemo bisa rubutaccen tsari, suna tuntuɓar ƙwararru na nesa ta intanet, suna ajiye bayanan kowane majiyyaci, suna kuma bayyana wa duniya sakamakonsu, mai daɗi da marar daɗi. Ba su jira sun zama asibitin koyarwa ba.

Mu kuwa mun fi son abin da ake yanke kyalle a buɗe. Na'urar gashi tana da muhimmanci, kuma muna buƙatar ƙari, ba ma jayayya. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a 2021, ta hannun wasu asibitocin koyarwa, ciki har da na Zariya da na Gombe; wannan ma abin yabo ne. Amma na'ura da asusu duka a ƙarshen hanya suke zaune. Matar da aka zubar da ƙullutunta a kwano ba za ta taɓa isa gare su a kan lokaci ba. Haka duk watan Oktoba: a sa riguna ruwan hoda, a yi tattaki, a ɗauki hoto, a ce mata su riƙa duba kansu. To sun duba, sun ji ƙullutu, sun zo. Sai me? Kiran mutane zuwa rijiya ne alhali guga a huje take.

Laifi tudu ne

Kada mu taka namu mu hango na wasu. Mu masu rubuta manhaja muna da kaso a wannan. Mun yi digiri a kimiyyar kwamfuta, mun cika wuraren gasa a Kano da Kaduna da Abuja, kowa da manhajarsa ta lafiya: wannan ta haɗa ka da likita ta bidiyo, waccan wai ƙirƙirarriyar basira za ta gano sankara daga hoto. A ci kyauta, a yi hoto da babban allon cek, bayan wata shida shafin ya mutu. A sana'armu, ba ma sakin manhaja sai mun sa mata abin da zai gaya mana inda mai amfani ya tsaya, a wane shafi ya fita, me ya hana shi biya. Mun san mutum nawa suka sa takalmi a kwandon saye suka fasa. Amma ga mu a asibitin garinmu, an biya mu mun kwafe littafin da ba shi da gurbin mutuwa, muka mayar da shi kwamfuta yadda yake. Makahon littafi ya zama makahuwar manhaja, sai dai ta fi sauri.

Tsarin da asibitocin gwamnati ke aika rahoton wata-wata da shi, DHIS2, yana da amfaninsa, amma yadda aka fi amfani da shi jimilla yake karɓa: mutum nawa aka gani, nawa aka kwantar, nawa aka yi wa aiki. Yana ƙirga kawuna, ba ya bin mutum. Abin da ake buƙata a nan kuwa ko manhaja ba sai an rubuta ba. Littafi mai gurbi goma ya isa, ko shafin Excel guda: lambar majiyyaciya, lambobin waya biyu, tata da ta wani nata, ranar da ta fara kai kuka ko'ina, ranar da aka ɗebi tsoka, ranar da sakamako ya fito da abin da ya ce, mataki, irin sankarar, maganin da aka tsara da wanda aka yi, inda aka tura ta da ko ta isa, sannan halin da take ciki bayan wata uku, shida, shekara, har shekara biyar. Sai malamar jinya ɗaya da aka ɗora wa wannan a matsayin aikinta, da waya, da katin kira. Kuɗin rigunan tattakin Oktoba ɗaya zai riƙe wannan tsawon shekara.

Kuma kiran nan ba na lissafi kaɗai ba ne. Kiran da zai gaya wa littafi cewa mace ta daina zuwa, shi ne kiran da zai iya dawo da ita. Da wani ya kira Yayarmu a makon da ta tsallake, ya ce mata laushin jikin nan an san shi kuma akwai maganinsa, ya gaya mana cewa yanke kemo a tsakiya ba hutu ba ne, da mun sayar da filin da muka sayar daga baya don hidimar jinyar ƙarshe. Ajali na Allah ne, mun yi imani. Sakaci kuwa namu ne, kuma za a tambaye mu.

Wanzami ba ya son jarfa

Akwai dalili na ƙarshe da ba a faɗa a fili: tsoro. Wa ke son a rubuta cewa cikin matan da ya yi wa aiki, kaza sun rasu? Wannan tsoron ba yau ya fara ba, ba kuma a nan ya fara ba. Sama da shekara ɗari da suka wuce, wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, Ernest Codman, ya dage cewa dole asibiti ya bi kowane majiyyaci aƙalla shekara guda ya ga ko aikin ya yi amfani, in bai yi ba a nemi dalili. Abokan aikinsa suka juya masa baya. Ya buɗe ɗan asibitinsa, ya buga sakamakon majiyyata 337 da ya sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 a ciki da hannunsa. Ya sha wuya a rayuwarsa, amma yau duk asibitin kirki a duniya a kan tafarkinsa yake.

Muna tare da likitoci a kan abu ɗaya: lissafin da ba a yi shi da adalci ba zalunci ne. Asibitin da matansa ke zuwa a mataki na huɗu ba za a auna shi da wanda ke samunsu a mataki na ɗaya ba. Shi ya sa ake rarraba sakamako bisa mataki. Ba sunan likita za a manna a bango ba, ba kuma sunan majiyyaciya ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma sirrin mace amana ne. Adadi kawai muke nema. Likitan kirki ma shi zai fi kowa cin riba, domin a karon farko zai shiga ofishin kwamishina da takarda a hannu ya ce: ga mata kaza da muka rasa saboda sakamakon gwaji yana ɗaukar mako bakwai, ga kaza saboda kuɗin zagaye na huɗu. Kuka ba lissafi, ihu ne kawai. Da lissafi, ƙara ce.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba alfarma muke roƙo ba. Kwamishinonin lafiya da hukumomin kula da asibitoci na jihohi su haramta zubar da duk wata tsoka da aka cire daga maman mace ba tare da gwaji ba, kuma asibiti ne zai kai ta ɗakin gwaji, ba dangi a cikin leda ba. Kowane babban asibiti ya buɗe littafin bin sawu, ya sa mutum guda a kansa. Duk takardar turawa ta zama tana da mai aikawa da mai karɓa da suka yi magana da juna. A ƙarshen kowace shekara a manna adadin a allon sanarwa na asibiti, a kuma aika wa cibiyar binciken sankara ta ƙasa, NICRAT. 'Yan majalisar jiha da ke zuwa duba fenti da fanka, su fara tambayar mata nawa suka rayu. Ƙungiyoyin da ke tattakin Oktoba su ware kuɗin katin waya kafin kuɗin riga. Mu kuma masu kwamfuta, duk wanda aka ba aikin asibiti ya kwafe littafi ba gurbin makoma, ya san ya ci kuɗin da bai gama aikinsa ba.

Kai kuma mai karatu, in an cire wa wata taka ƙullutu, kada ka bar harabar sai ka ji inda za a kai shi gwaji da ranar da sakamako zai fito. In ta fara kemo, rubuta ranakun a bangon ɗaki. Kafin asibiti ya koyi kira, kai ka zama mai kiran.

Kafin mu miƙa aikin nan, mun ƙara gurbi ɗaya a manhajar, wanda ba ya cikin kwangila. Muka sa masa suna "Halin da take ciki yanzu". Dubban layuka, duka fanko. Layi ɗaya kawai muka iya cikewa, domin shi kaɗai muka san amsarsa. Muka rubuta ranar, muka rubuta: ta rasu.

Allah ya jiƙan Yayarmu da sauran matan da littafi bai san sun tafi ba. Waɗanda ke kwance, Allah ya ba su lafiya, ya kuma ba mu kunyar da za ta sa mu ɗaga waya mu tambaye su ya jiki.